Rufin Da Ban Ɗaure Ba

Ni kafinta ne, ɗan kafinta. A shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ina da ɗan shago a Sabon Garin Jega, rumfa ce dai da tebur guda, inda nake haɗa ƙofofi da tagogi da benci. Amma aikin da ya fi ci a lokacin shi ne rufi. Kowa so yake ya sauke jinka ya ɗora kwano. Manomi in ya kai albasarsa Aliero ya dawo da fara'a, kafin ya ɗinka riga sai ya aika a kira kafinta. Haka na zaga ƙauyukan Maiyama a bayan kabu-kabu, jakar kayan aiki a kan cinya, har na san hanyoyinsu kamar lungun gidanmu.

A ƙarshen wata bazara, ana zaman jiran ruwan shuka, wata Laraba bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Mu a Jega iska ta ɗan kaɗa mu, ta yaye wasu rumfunan kasuwa, ta yi yayyafi ta wuce. Muka ce alhamdu lillahi, damina ta yi sallama. Washegari muna fitowa daga sallar asuba, wani direba ɗan unguwarmu, mai a-kori-kura da ke jigilar albasa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga hannu.

"Jama'a ku dakata," in ji shi. "Jiya da marece na biyo ta bayan Liba. Ƙauyen nan mai kukoki biyu a bakin hanya, guguwa ta kwashe shi. Da idona na gani. Mutum huɗu na ɗauko zuwa asibiti, kuma na baro gawa a can."

Liman ya ce wanda ke da hali ya taimaka da abin hannunsa, wanda ke da ƙarfi ya bi mota. Kafin hantsi mata sun turo gero da tsofaffin tufafi da tabarmi. Mu goma sha wani abu muka hau bayan motar. Na zauna kusa da wani mahauci maƙwabcina, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, mutum mai yawan barkwanci a mahauta, amma ranar babu wasa a fuskarsa. Ya ɗauko wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce, "Inda iska ta kashe mutum, ta karya bisashe." Ni kuwa na san ƙauyen, don na yi aiki a cikinsa da rani, wata huɗu da suka wuce. Na dai tuna da hakan a hanya, ban yi wa abin dogon tunani ba.

Tun kafin mu ga gari muka fara ganin kwano. Wani a tsakiyar gona, wani a naɗe jikin itace kamar an shanya zane. Ɗaya daga cikin kukokin nan biyu tana kwance, saiwoyinta a sama. Da muka shiga sai muka tarar albasa ta cika hanya, don rudu, wato rumfunan da ake ajiye ta, duk sun watse, ƙafafun mutane sun tattake ta, warinta ya cika ko'ina. Rumbuna sun fashe, gero ya jiƙe ya haɗu da laka, kaji na tsattsaga babu mai korarsu. Mata na zaune a kan tabarmi tsakanin bangayen da ba su da rufi, ga tukwane, ga kwalla, ga gado a fili kowa na gani. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guguwar layi guda ta bi. Gabashin gari ta yi masa kaca-kaca, amma a yamma akwai gidan da ko danga ba ta kwanta ba, har akuya na ɗaure a turkenta tana tuƙa.

Mai gari ya tarye mu, rigarsa duk laka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Akwai kahinta cikinku?"

Na ce ga ni.

"Taho. Bangon masallaci ya hwaɗa kan makara. Muna da gawa uku tun jiya, ba mu da abin ɗauka."

Aikina na farko ke nan a garin. Na jawo makarar daga ƙarƙashin tubali, hannunta biyu sun karye. Na samo katako daga rufin masallacin da ya zube, na yanka, na ɗora, na buga ƙusa. Ina bugawa mutane na tsaye a kaina shiru, ƙarar hamata kaɗai ke tashi a garin. Aka ɗauki wata tsohuwa da bango ya danne, aka dawo aka ɗauki wata yarinya. Da aka zo na uku sai na ga an nufi wani gida da na sani, can ƙarshen gabas. Na tambayi na kusa da ni wa ya rasu.

Ya ce, "Ɗan tsohon nan ne, wanda ya yi sabon ɗaki da rani. Ya hito ya kwance bajiminai, rufin ɗakin ya tashi gaba ɗaya ya sauka kansu, shi da san."

Ni na rufa ɗakin nan.

Saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba, dogo, mai saurin dariya. Albasarsa ta yi kyau a shekarar, ya gina wa matarsa ɗaki ya ce ba zai sa mata jinka ba. Kwana biyu na yi ina aikin. A ƙa'ida, in an ɗora katako a kan bango, ana ɗaure shi da langalanga, wato siririn ƙarfen nan da ake binne bakinsa cikin gini, don kada iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga rufin. Na ɗaure kusurwa biyu na yamma sai langalangar ta ƙare. Na ce masa mu ɗora kwanon haka, ranar kasuwa zan sayo in dawo in ɗaure na gabas, ai damina da saura. Ya yarda. Har ya cika mini buhu da albasa ya ɗaure a bayan babur da hannunsa. Na dawo Jega aiki ya yi mini yawa. Sau ɗaya ya aiko ɗan kabu-kabu ya tuna mini, na ce a gaya masa ina nan tafe. Ban je ba. Ba mantawa na yi ba, kullum ina cewa mako mai zuwa.

Na shiga cikin masu ɗaukar makarar. Hannun da na gyara shi ya faɗo a kafaɗata. Har muka kai maƙabarta ban bari an karɓe ni ba. Mahaifin mamacin yana gaba, tsoho ne siriri mai farin gemu, yana dogara sanda. Na san ya gan ni, don mun haɗa ido a bakin kabari, amma ya karɓi gaisuwata kamar yadda ya karɓi ta kowa.

Da muka dawo sai aka kira mahauci. Bajimin yana nan da rai a bayan gidan, bayansa ya karye, yana ta ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba yana komawa. Tun jiya yake a haka. Mahaucin ya durƙusa ya shafa shi, sannan ya je wurin tsohon.

"Baba, wanga sa ba ya tashi. In anka bar shi zai mutu mushe. Ka ba ni izini."

Tsohon ya dubi bajimin ya ce, "Tun yana maraƙi yaron ke kiwonai. Da shi za mu yi huɗa bana." Sai ya juya baya ya ce, "Yanka."

Aka yanka, aka raba naman gida-gida, aka dafa wa masu aiki. Ranar mutane da yawa shi ne abin da suka fara sa wa cikinsu tun da abin ya faru. Na ga an kai wa dattijon kwanon abinci an dawo da shi yadda yake. Ni ma da aka miƙo mini na ce cikina ba daɗi.

Kwana biyar muka yi a garin, muna kwana a zauren mai gari wanda Allah ya tsare. Aikin ba mai wuyar faɗa ba ne. Matasa su shiga daji su tattaro kwano, mu shimfiɗa shi a ƙasa mu miƙar da guduma, mu zare tsofaffin ƙusoshi mu miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, mu hau mu buga. Kwanon da ya yage a toshe hudar da kwalta. Direba kullum yana hanya tsakanin garin da Maiyama da Jega, ya kawo katako, ya kawo ruwa, ya kai mai rauni. Ba kowa ne ya samu kwanonsa ba. Na ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun riƙe falle guda kowa na cewa nasa ne, har sai da mai gari ya sa na raba shi biyu da almakashi, aka ba kowa abin da ba zai rufe ko akurki ba. A rana ta biyu albasar da ta jiƙe ta fara ruɓewa. Mata suka zauna suna tsince mai kyau, suna yanka suna shanyawa, amma mafi yawa sai da aka haƙa rami aka zuba. Wani mutum ya tsaya a bakin ramin yana kallon noman ranin shekara guda, ya ce da ni, "Kahinta, ka ga kuɗin auren ɗiyata da za ni aurarwa bayan kaka."

Duk gidan da aka nuna mini na hau. Gida ɗaya kawai nake kauce wa. In aiki ya biyo da ni ta gabas sai in zaga ta bayan masallaci. Mahauci, wanda ya koma mai miƙo mini ƙusa tun da aikin wuƙa ya ƙare, ya lura. Ranar Asabar muna hutawa a inuwar wani bango ya ce, "Kai, mi ke damunka? Kwana uku ba ka ci abin kirki ba."

Na gaya masa duka. Ya saurara yana karya wani tsinke a hannunsa.

"Wa ya sani bayan kai?"

Na ce ban sani ba.

"To ka bar shi tsakaninka da Allah. Tsohon nan ya binne ɗa. In ka je ka hwaɗa mai, kai za ka ji sauƙi, shi ka ƙara mai kaya. Ka yi istigfari, ka yi aikinka."

Na ga gaskiyarsa, na kuma ji daɗin samun wanda ya ba ni hujjar yin shiru. Sai dai ba a bar mini zaɓi ba. Washegari da hantsi mai gari ya ce tsohon yana kirana.

Na same shi zaune a kan buzu a tsakar gida. An kafa zana a gefe guda an yi ɗan rufi da tabarmi, a nan matar mamacin ke zaman takaba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Jega. Ɗakin yana gabanmu, bango huɗu a tsaye lafiya lau, sama a buɗe. Ban so dubawa ba, amma idon kafinta ba ya jin magana. A kusurwoyin yamma langalangata tana nan, ta riƙe guntayen katakon da suka tsage. A na gabas babu komai, bango ne sumul.

Tsohon ya ce, "Kai ka rufa shi, kai ka san awonai. Ruwa na tahe. Yarinyar ga ba ta zama cikin zana da goyo."

Da na yi shiru na ce to, da shi ke nan. Amma bakina ya riga ni.

"Baba, akwai maganar da zan gaya maka. Rufin nan ban ƙarasa shi ba. Gefen gabas ban ɗaure ba. Na ce zan dawo, ban dawo ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

Sai ya ɗago ya dubi ɗakin, ya ci gaba.

"Shi ma ya sani. Ko Jumma'ar da ta wuce sai da ya ce, kahinta shiru. Na ce mai ya nemi waya ya ɗaure da kainai, ya ce a'a, aikin mai aiki ne, kana tahe."

Hawaye suka zubo mini, ni da nake da 'ya'ya uku a lokacin. Na ce ya yafe mini. Ya ja casbinsa, ya dube ni.

"Ɗana, rufin masallaci an ɗaure shi ko'ina, ya tashi. Kukar bakin hanya tun kakana take, ta hwaɗi. Ko ka zo ko ba ka zo ba, wataƙila haka za ta kasance. Wataƙila kuma da yanzu yana nan yana gyaran garma. Kwana huɗu ina juya abin ga, ban gano ba. Ba ni ce maka laihinka ne, ba ni kuma ce maka ba laihinka ba ne. Allah shi ya sani. Abin da ke nawa na yahe. Amma ba ni kaɗai ke da hakki ba."

Sai murya ta fito daga bayan zana. Ba da ƙarfi ba, kuma ba kuka take ba.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata."

"Kada ya hau ɗakin nan."

Tsohon ya ce, "Ruwa na tahe, ɗiyata."

"Ya zo. Na zauna cikinai. Kada ya taɓa ɗakin nan."

Jaririn da ke wurinta ya motsa ya fara kuka, na ji tana jijjiga shi. Na juya wajen zanar na ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ki yafe mini." Ba ta amsa ba. Na jira, na sake faɗa. Kukan yaron kawai nake ji. Tsohon ya yi mini alama da hannu in tashi.

A ranar dangin mijin suka taru suka yi wa ɗakin jinka irin ta da. Suka sari itace, suka ɗaura tanka, suka yi baibaya da tsohuwar ciyawar da aka tsinto daga gidajen da suka rushe. Na kawo musu igiya, ƙanin mamacin ya karɓa ya ajiye gefe, ba su yi amfani da ita ba. A lokacin na gane maganar ta zaga gari. Babu wanda ya zage ni. Da na je gida na gaba, mai gidan ya tsaya a ƙasa yana kallon kowace kusurwa har na ɗaure ta, sannan ya ce in ƙara ɗauri ɗaya. Na ƙara.

Mahauci bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai ci gaba da miƙo ƙusa. Da la'asar ya kawo mini fura a ƙwarya ya tsaya a kaina sai da na sha.

Ranar Litinin da safe ruwa ya sauka sosai, ruwan shuka, babu iska ko kaɗan. Rabin gidajen gabas ba a rufe su ba tukuna. Muka tsaya a zaure muna kallon ruwa na zuba cikin ɗakunan mutane, bangon ƙasa na jiƙewa yana zubewa a hankali. Rufin da muka yi da tsohon kwano ma duk yana yoyo ta hudojin ƙusa. Ana ɗaukewa gari ya watse, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, don shuka ba ta jiran mai makoki. Wasu da irin da suka tsince daga laka suka fita, ba su san ko zai tsiro ba. Mai gari ya ce mana mu koma, mu ma muna da gonaki da iyali, abin da ya rage sai a hankali. Ya yi mana addu'a, ya bi mu da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe, ya ce, "Allah shi kyauta," ya saki.

Muna fita gari na hango tsohon a gonarsa ta bakin hanya. Yana sara da sungumi, wata 'yar jikarsa na bin sa tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Sara uku sai ya tsaya ya huta. Direba ya yi masa ham, ya ɗaga hannu ba tare da ya duba ko su wane ne ba.

A Jega mutane suka yi ta yi mana sannu da aiki, liman ya ambace mu bayan sallah ya sa mana albarka. Na sunkuyar da kai har aka shafa. Matata ta tambaye ni yadda na baro su, na ce sai addu'a. Shekaru suka shuɗe kafin in gaya mata sauran.

Bayan kaka na sayi buhun gero na ba direban nan ya kai gidan, na ce kada ya faɗi daga inda ya fito. Ya dawo ya ce tsohon ya karɓa, ya kuma ce a gaida kafinta. Matar kuwa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Aliero da ɗanta. Damina biyu bayan haka na ji rasuwar tsohon, labarin bai iso ni ba sai da aka yi sadakar bakwai.

Na ci gaba da rufi shekaru masu yawa, har gwiwoyina suka hana ni hawa tsani. Aiki ya sha kai ni Aliero, na rufa shaguna da gidaje a can, na sha ratsa kasuwa tsakanin mata masu sayayya. Ban taɓa neman gidan iyayen matar ba, don ban san abin da zan ce wanda ban riga na ce ba. Kuma ko mun yi kiciɓis a hanya ba zan gane ta ba. Ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani.